Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Kasuwarmu: A Bar Yaron Shago Ya Faɗi Ta Bakinsa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuh.

Gaisuwa mai yawa tare da ban girma zuwa ga shugabannin ƙungiyar kasuwarmu, da dattawan kowane layi, da dukkan iyayen gidanmu masu shaguna da rumfuna. Allah ya ƙara girma, ya yi wa nema albarka, ya tsare mana ku da dukiyarku.

Ni ɗanku ne, a gabanku na tashi. Da ɗaukar katan na fara, na koma jera kaya, aka ba ni tsaron kuɗi, har Allah ya kawo ranar da ubangidana ya sallame ni na kafa ɗan wurina. Da yawun yaran shago nake rubuta wannan takarda, waɗanda suke riga kowa zuwa su buɗe ƙofa su yi shara, kuma su ne na ƙarshen tashi bayan an rufe lissafi. Tun da aka yi sanarwar nan suke samuna ɗaya bayan ɗaya, domin sun san ni yanzu ba wanda zai karɓe mini makulli idan na buɗe baki. Su kuwa kowannensu abincinsa a hannun wani yake.

Sanarwar ta ƙunshi abu biyu. An ce daga yanzu duk yaron da ya kawo ƙarar ubangidansa ofishin ƙungiya ba za a saurare shi ba, ya koma su ƙarata a shago. An kuma ce yaron da ya bar wani shago a kan saɓani, kada wani ɗan ƙungiya ya ɗauke shi sai da yardar wanda ya bari.

Ban raina dalilinku ba, iyayenmu. Duk mun san an yi yaran da suka gudu da kuɗin mutane, an yi waɗanda suka kwashe lambobin abokan cinikin ubangidansu suka koma shagon da ke kallonsa. Wanda aka yi wa haka yana da gaskiya idan ya nemi a tsare shi. Amma dokar nan ba ta tsaya kan maciyin amana ba. Ta haɗa har da yaron kirki wanda maganarsa kawai yake so a ji, kuma irinsa ne suka fi yawa a kasuwar nan.

Bari in fara da giɓi, tunda a nan yawancin rigimarmu take tasowa. Tun ƙarancin takardar kuɗi na farkon shekarar 2023, da cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu na 2023 ɗin, da sakin naira da ya biyo baya, ciniki ya sake kama. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100. Ku da kanku kun ga lokacin da kuɗin buhun sukari na safe daban yake da na la'asar. Maigida yana sito ko yana wajen sari, yaro ya sayar a kan kuɗin da aka bar masa, da yamma a ce ya karyar da kaya. Wani ya nuna alat a waya, yaro ya ba da kaya, kuɗi bai shiga ba. Wani tsohon abokin ciniki ya ce "Alhaji ya sani" ya ɗauki katan biyar, Alhaji ya manta, da dare lissafi ya ƙi cika. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai bayani, kuma bayanin bai fi a zauna a buɗe littafi ba. To idan maigida ya riga ya yanke cewa yaro ne ya ci, yaro kuma ba shi da inda zai kai kukansa, me ya rage masa? Ya haɗiye. Gobe idan irin haka ta sake faruwa ba zai faɗa ba, zai toshe ramin da kuɗin wani ciniki, jibi ya toshe wancan da wani. Haka yaron da ya zo da gaskiyarsa yake koyon ɓoye-ɓoye. Wani ma daga nan yake fara cewa a ransa, tunda an riga an kira shi ɓarawo, gara ya biya kansa. Kuna ganin shago shiru kuna cewa lafiya lau, alhali ɓarnar tana can tana girma a ƙarƙashin tebur.

Sai maganar sallama, wadda ita ce ta fi ci wa yara rai. Yaro ya zo yana ɗan shekara goma sha biyar, uba ya damƙa shi hannu da hannu ya ce "ga amana nan". Ba a faɗi shekara nawa zai yi ba, ba a faɗi da me za a sallame shi ba. Ya yi gemu a shagon, ƙannensa sun yi aure, shi har yanzu kuɗin abincin rana da na mota yake karɓa. Ranar da ya yi ƙarfin hali ya ce "Alhaji, ina so mu yi maganar gabana", sai a ce ya fara ɗaga kai, wani yana zuga shi. Maƙwabtanmu Ibo da muke kasuwa ɗaya da su, tun ranar da za a kawo yaro ake zama da danginsa a yanke shekarun da zai yi, kowa kuma ya san akwai jari a ƙarshe. Su ma ana samun masu saɓa alkawari, amma akwai alkawarin da za a ce an saɓa, akwai shaidun da za a kira. Mu namu ya tsaya a "Allah ya kai mu". Da can ofishin ƙungiya ne wurin da yaro zai je dattijo ɗaya ya kira ubangidansa gefe ya ce masa, "Alhaji, yaron nan fa ya isa." Wannan ƙofar ce aka rufe.

Abin da ya fi damuna, wanda shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa, shi ne irin yaran da dokar za ta fi kamawa. Ku duba shagunanku da kyau. Yaron da ba ya taɓa samun saɓani da kowa, galibi shi ne wanda yake zaune a kan benci yana jira a ce masa miƙo. Wanda yake tashi ya tare baƙo tun daga bakin layi, ya san sunan direbobin tasha, ya bi bashi har ƙauye, ya kawo shawarar a sari wani kaya kafin ya yi tsada, shi ne yake cin karo da mutane, domin shi ne yake shiga cikinsu. Himmar da take kawo masa ciniki ita take kawo masa gardama. Mun saba kiran irin wannan yaro mai rawar kai ko mai zaƙewa, amma idan aka tashi aike mai muhimmanci shi ake kira. Idan kuka nuna masa cewa duk ranar da ya ce "a'a, ba haka aka yi ba" ya rasa shagon nan kuma ya rasa kasuwar gaba ɗaya, abu biyu zai zaɓi ɗaya. Ko ya kashe kuzarinsa ya koma kan benci, ko ya ajiye makulli ya tafi. Kun san inda suke tafiya: tuƙin adaidaita, acaɓa a Legas da Abuja, ramin haƙar zinare, wasu har hanyar Agadas. Yaran da ya kamata su gaji layukan nan ke nan.

Ni abin da ya tsayar da ni a kasuwa wata rigima ce. Muna da wani mai sari daga wani gari da muke aika wa kaya a mota. Wata rana ya bugo waya yana faɗa, ya ce kayansa ba su cika ba, mun cuce shi, ba shi ba mu har abada. Ni na ƙirga kayan, na san sun cika. Abin da aka saba shi ne a ce a rabu da shi, kasuwa ba ta mutum ɗaya ba ce. Ubangidana, Allah ya saka masa da alheri, ya ba ni kuɗin mota ya ce in ɗauki littafi in je in same shi ido da ido, in bar shi ya gama faɗansa tukuna kafin in ce uffan. Na je, ya wanke ni tas a gaban yaransa. Da ya sauka na buɗe littafi, muka bi kayan ɗaya bayan ɗaya, muka je tasha tare, aka gano an sauke wasu katan a wani gari bisa kuskure. Mutumin nan ya riƙe hannuna ya ce tunda yake sari ba wanda ya taɓa tako ƙafa ya zo don ya yi fushi. Daga ranar ba ya sayen komai sai a wurinmu, ya kuma haɗa mu da 'yan garinsu. Da aka sallame ni, shi ne mutum na farko da ya turo mini kuɗin kaya tun kafin in sauke su. Wannan darasin ubangidana ne ya koya mini shi, kuma a kansa ma yana yarda da shi: idan muka saɓa a lissafi zai ce in kawo hujjata, in na fi shi gaskiya ya ce na fi shi. Girmansa bai ragu a idona ba ko sau ɗaya, har yau kuma ba na yanke wata babbar shawara ban je na durƙusa a gabansa ba.

Kashi na biyu na sanarwar kuwa, wato hana ɗaukar yaro sai da yardar wanda ya bari, ya sa mutum ɗaya ya zama shi ne mai ƙara, shi ne alƙali. Kuma ba a kan yaro kaɗai abin zai tsaya ba. Yawancinmu 'ya'yan 'yan'uwanku ne, ko na maƙwabta, ko na abokan zama a masallaci. Idan aka rufe wa yaro kasuwa ba tare da an ji ta bakinsa ba, uwarsa za ta ji, kawunsa zai ji, gaisuwa ta yanke tsakanin gida biyu a kan abin da zaman rabin awa zai kashe.

Iyayenmu, ana yawan ce mana haka aka gada, yaro ba ya ja da babba. Ladabi gado ne, ba mu musa ba. Amma kasuwancin da muka gada ba a kan shiru aka gina shi ba. Fataken da suka riƙa tashi daga Kano su ƙetare kogin Kwara su ratsa Borgu har Salaga a ƙasar Gwanja neman goro, tafiyar watanni suke yi da ɗaruruwan mutane da jakuna. Ba a ba mutum madugu don ya iya kawar da kai. Aikinsa ne ya zauna da sarkin kowace ƙasa a yi ciniki a kan kuɗin wucewa, ya raba gardamar da ta tashi a zango kafin a ɗaura kaya da asuba. Ga jagaba a gaba, ga uban dawaki mai kula da biyan kuɗin hanya, ga malamin ayari mai rubutu. Sun san mutum ɗari ba za su yi wata uku a hanya ba su saɓa ba, sai suka tanadi wanda za a kai wa magana.

Haka a Sabo ta Ibadan, inda Hausawa suka riƙe cinikin shanu da goro shekara da shekaru. Mai shanu zai kawo dabbobinsa daga Arewa ya sauka a wurin maigida, dillalin maigida ya sayar wa mahautan garin bashi, mai shanu bai san su ba, ba su san shi ba. Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne maigida ya tsaya a tsakani, idan kuɗi ya maƙale shi zai bi, idan gardama ta fi ƙarfinsa a je gaban Sarkin Hausawa. Da babu wurin kai ƙara, da ba wanda zai bar garken shanunsa a hannun baƙo.

Ku dubi Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955. Maraya ya tashi, ya bi hanyar Gwanja da ƙuruciyarsa, ya kai har Ankara ta ƙasar Gana, ya shiga sahun farko na masu ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Legas maimakon jiran ayari. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cinikin gyaɗa ya buɗe, ya shiga da ƙarfinsa, har ya zama a 1929 da aka buɗe banki a Kano ya kai kuɗin azurfa a kan raƙuma ashirin. Wannan dukiya ba shi kaɗai ya tara ta da hannunsa ba. Wakilai da yara yake ba kuɗi su shiga ƙauyuka su sayo, su dawo a yi lissafi. Mutumin da yake sakin kuɗinsa a hannun mutane da yawa haka dole ne ya iya zaɓen masu himma, ya kuma iya zama da su idan lissafi ya ƙi. Saurayin da ya bar hanyar da kowa ya saba ya hau jirgin ruwa da kayansa, da a layinmu yake yau, ina tsoron da mai rawar kai za mu kira shi.

Addininmu ma bai bar mu a duhu ba, kuma kun fi ni sani. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa wani mutum ya zo karɓar bashinsa wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kausasa harshe, sahabbai suka yunƙura, sai ya hana su, ya nuna musu cewa mai haƙƙi yana da ta cewa, sannan ya sa aka biya shi da raƙumin da ya fi nasa. Idan fiyayyen halitta ya bar mai haƙƙi ya yi magana a gabansa, wane ne mu da za mu ce yaron da ya yi shekaru yana dako da tsaro ba shi da baki? An kuma hana mu ƙaurace wa juna fiye da kwana uku. A kasuwar nan akwai ubangida da tsohon yaronsa da suka yi shekaru suna sahu ɗaya a masallaci ba sa ga maciji, kuma da za a tambayi asalin abin, ba zai wuce katan biyu ba.

Ko a wajen kasuwa mun ga abin da zama yake yi. A Kaduna, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun kasance a ɓangarori biyu na rikicin 1992. Wuye ya rasa hannunsa, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. A 1995 aka haɗa su suka fara magana, daga baya suka kafa cibiyar sasanci tare, har suka shiga tsakani a rikicin Yelwa da Shendam. Waɗannan jini ne a tsakaninsu, suka zauna. Mu kuɗin sukari ne da taliya.

Don haka ga abin da muke roƙo, cikin ladabi.

A janye sanarwar nan duka biyun. Idan ana tsoron maciya amana, a bar hukuncin a kan wanda aka zauna aka tabbatar ya ci amana, da shaidu, bayan an ji ta bakinsa. Wannan ko mu za mu taya ku kore shi.

A kafa zauren sulhu na kasuwa da rana tsayayya a kowane mako, wanda yaro ko ubangida zai iya kai magana ba tare da an ɗauke shi mai tona asiri ba. A sa dattawan da kowa ya yarda da adalcinsu, da limamin masallacin kasuwa, da mutum biyu daga cikin waɗanda aka sallama ba da daɗewa ba, domin su ne ba su manta yadda zaman benci yake ba. Kada wanda ake ƙara ko ɗan'uwansa ya zauna a cikin masu yanke magana. Wannan ba baƙon abu ba ne ko a wurin hukuma: tun 2002 babbar kotun Legas ta buɗe sashen sasanci, Kano ma tana da irinsa, a 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar ƙasa ta sasanci. Kotu da kanta tana tura mutane su zauna su daidaita, bai kamata kasuwa ta zama ita ce mai korar masu neman zama ba.

A fitar da takarda guda ɗaya, da Hausa, ta boko da ta ajami, wadda za a cike duk ranar da aka kawo yaro: shekarun da zai yi, abin da za a riƙa ba shi, yadda za a sallame shi, da abin da zai biyo baya idan ɗaya ya saɓa. Uba ko waliyyi ya sa hannu, maigida ya sa, shaidu biyu su sa, ƙungiya ta ajiye kwafi. Yaran da suka riga suka daɗe a shaguna su ma a zauna da iyayen gidansu a yanke musu lokaci kafin shekara ta zagayo. Wannan takarda ta fi kare maigida a kan yaro, domin ranar da yaro ya yi ƙarya ita za ta tsaya masa.

A kan giɓi, muna roƙon a sa ya zama ƙa'ida cewa ba a kiran yaro ɓarawo a gaban jama'a kafin a buɗe littafi a keɓe. Sauyin farashi maigida ya turo shi a rubuce ko da ta saƙon waya ne, bashin da ya yarda a bayar shi ma haka.

Sannan muna roƙon ku da kanku, ba a matsayin ƙungiya ba, a matsayin iyaye. Ku riƙa tura yaranku bin bashi da ba da haƙuri da warware gardamar abokan ciniki, ku koya musu yadda ake shiga wurin mai fushi a fito da shi yana murmushi, yadda ake faɗin gaskiya ga babba ba tare da ɗaga murya ba. Mu ma a namu ɓangaren mun ɗauki alkawarin jan kunnen juna: ba zagi, ba kai maganar shago Facebook, ba ɗauke abokin cinikin ubangida a ɓoye. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma ba mu zo raba komai ba.

Muna roƙon a sa mana rana kafin taron ƙungiya mai zuwa. Zan zo da wasu daga cikin yaran, idan kun ba su tabbacin cewa zuwan ba zai ci musu makulli ba, mu kawo muku samfurin takardar da muka tsara ku duba ku gyara.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Wassalamu alaikum.

Ɗanku,
tsohon yaron shago, a madadin ƙannensa da ke layukan kasuwa.